Marmara a kicin: tambayoyin da mutanen Abuja suka fi yi mini

Sana'ata yankan dutse da shimfiɗa shi a gidajen mutane, kuma galibin aikina a kicin yake ƙarewa, daga Kubwa zuwa Lugbe, daga Gwarinpa zuwa Asokoro. Kusan duk wanda ya neme ni da hoto yake zuwa a waya: farar kanta fes mai jijiyoyi ruwan toka, babu ko ɗigon mai, an ajiye kwanon 'ya'yan itace a gefe kamar ba a taɓa ɗora tukunya a gidan ba. Sai a miƙo mini wayar a ce, "Malam, irin wannan nake so." Ni kuma kafin in ciro tef ɗin awo sai na tambayi wa ke girki a gidan, da abin da ake dafawa. Tambayoyin da ke ƙasa bakina ya gaji da amsa su a tsaye cikin ƙura, shi ya sa na zauna na rubuta.

Wai mece ce marmara, kuma me ya raba ta da giranit?

Ba marmarar nan ja da masu haƙa rijiya ke cin karo da ita nake nufi ba. Ina nufin wadda 'yan kasuwa ke kira mabul. Asalinta dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti, sai zafi da nauyin ƙasa suka dafa shi a can ƙarƙashi tsawon miliyoyin shekaru har ya rikiɗe ya zama dunƙulen ƙwayoyi masu ƙyalli. Jijiyoyin da ke burge mutane laka ce da ƙarfe da suka cakuɗe da shi tun farko. Sinadarin da ya fi yawa a jikinta shi ne kalsiyam kabonet, wanda ke cikin ɓawon ƙwai da katantanwa. A riƙe wannan, domin kusan duk rigimar marmara a kicin daga nan ta taso.

Giranit kuwa narkakken dutse ne da ya huce a hankali a cikin ƙasa, dangin wanda ake fasawa a Mpape ana yin tsakuwar gini, da waɗanda suka kewaye Jos. Akwai ma'aunin tauri da wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. A wannan ma'auni marmara tana tsakanin 3 da 4, wuƙar kicin kusan 5 da rabi, giranit 6 zuwa 7. Wato wuƙa ta fi marmara tauri, giranit kuma ya fi wuƙa.

A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei kowane dutse mabul ake ce masa. Yaya zan gane na gaske?

Haka ne Alhaji, kuma ba lallai da niyyar cuta ba. Suna ne ya bi baki, kamar yadda kowane garin wanki ya koma Omo. Giranit mabul, kwaz (niƙaƙƙen dutsen da ake haɗawa da gam a masana'anta) mabul, har manyan tayil da aka buga wa zane mabul.

Ka tafi da lemon tsami a aljihu. Ka nemi a ba ka guntu daga ainihin fallen da kake son saya, ka matsa ruwan lemon a kai, ka bar shi minti 10, ka goge, sannan ka karkata shi ga haske. In wurin ya dusashe, marmara ce. In ko gezau bai yi ba, giranit ne ko kwaz ko tayil. Wata marmarar tana da jinkirin nunawa, don haka kada ka yi gaggawar gogewa. Ka kuma duba gefe da baya: a dutse na gaske jijiyar tana ratsawa har ciki, a mafi yawan tayil kuwa zanen a fuska kawai ya tsaya. In ka ga falle biyu da zane iri ɗaya sak, inji ne ya yi su. Mai kayan da ya hana ka guntun gwaji, ka gaishe shi ka ƙara gaba.

To mene ne alherinta da har ake ta rububinta?

Kyau, kuma ba zan rage mata ba. Shekaruna a wannan aiki har yau in aka buɗe sabon falle aka watsa masa ruwa sai na tsaya na duba. Haske yana ɗan shiga jikinta kafin ya dawo, shi ya sa take da wani irin taushi a ido wanda zanen inji bai kai ba. A tsaunukan Karara na Italiya tun zamanin Rumawa ake haƙo ta, kuma da ita Michelangelo ya sassaƙa mutum-mutuminsa na Dauda tsakanin 1501 da 1504. Taj Mahal na Indiya da marmarar Makrana aka lulluɓe shi. Wanda ya taɓa ɗawafi da azahar ya san yadda ƙafa ke taka farin daɓen nan ba ta ƙonewa: marmara ce daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, farinta yana mayar da zafin rana.

A kicin wannan sanyin yana da amfani na gaske. Marmara tana janye zafi daga duk abin da ya taɓa ta, saboda haka ƙullin da aka sa wa bota ba ya saurin narkewa ya yi danƙo. Masu cincin da dubulan da samosa da kayan gara sun san daɗin murza fulawa a kai, musamman a watan Maris da Afrilu lokacin da kicin ɗin Abuja ke komawa tanda. Farar kanta kuma tana ƙara wa ɗaki haske, abin da ake gane darajarsa ranar da aka ɗauke wuta da magariba.

Abu na ƙarshe, wanda ba a cika faɗa ba: tana gyaruwa. Tayil in fuskarsa ta ɓaci sai dai a cire. Marmara kuwa dutse ce har ciki, ana iya goge samanta a fito da sabuwar fuska, ko bayan shekara 20.

Ina aibin?

Tsami. Jefa ɓawon ƙwai cikin ruwan khal ka ga yadda zai fara kumfa. Abin da ke faruwa da marmara ke nan duk lokacin da abu mai tsami ya taɓa ta: yana narkar da fuskar, ya bar wuri mai dusu-dusu kamar an goga toka a madubi. Ba sai ya kwana ba. A falle mai sheƙi, minti ɗaya yana iya wadatarwa.

Yanzu ku lissafa girkinmu. Tumatir ake markaɗawa kullum, kuma bilenda tana fesawa. Tsamiya ake jiƙawa don kunu. Zoɓo tsami ne da rini a haɗe. Ga yakuwa, ga nono da kindirmo, ga ruwan da ake tsiyayewa daga kamu, ga ƙullin waina da ya kwana ya tashi, ga lemon tsamin wanke kifi da kayan ciki, ga abarba, ga lemon kwalba da yara ke zubarwa. A watan azumi duk waɗannan a yamma ɗaya suke haɗuwa a kan kanta ɗaya. Kanwa dai ba ta cinta, tunda ita kishiyar tsami ce.

An taɓa kirana wani gida a Gwarinpa, amarya ko wata biyu ba ta yi da tarewa ba. Ta tarbe ni rai a ɓace, ta ce an sayar wa mijinta jabu. Na duba, marmara ce mai kyau ƙwarai. Kusa da wurin wanke-wanke akwai zobe guda, zagayayye kamar an zana da kwabo, har da 'yan layukan da suka raba shi gida-gida. Na ce, "Hajiya, rabin lemon tsami aka kifa a nan." Ta yi shiru, sannan ta ce ƙanwarta ce ta wanke kifi da daddare. Ta riga ta goge wurin da sabulu, da garin wanki, da soson ƙarfe, kuma soson ya ƙara masa wani zoben karce a kewaye. Ba datti ba ne balle ya fita. Dutsen ne ya tafi.

Shi ya sa nake raba tabo gida biyu. Akwai tabon da ya shiga, akwai tabon da ya ci. Wanda ya shiga ya fi dutsen duhu, ana iya janyo shi waje. Wanda ya ci ya fi dutsen haske, yana da ɗan kaushi a yatsa, sai an goge fuskar.

Manja fa?

Manja shi ne sarkin masu shiga. Marmara tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, mai yana bin su a hankali, manja kuma ya tafi da jan launinsa. Kori da kurkum da shayi da lalle duk haka. Wurin da na fi ganin tabon ba inda ake zubarwa ba ne, domin wannan ana gani a goge nan take. Gindin galan ne. An tsiyaya, ɗan kaɗan ya gangaro ta gefe, an mayar da galan wurinsa, ya yi mako yana tsotsa. Sai kuma gefen murhu inda suya ke fallatsa, da inda ake ajiye ludayi. Gwangwanin tumatir ko na madara da aka bari a jiƙaƙƙen wuri shi ma yana barin zoben tsatsa, kuma wannan ya fi kowanne taurin kai.

An ce mini in aka shafa sila magana ta ƙare. Gaskiya ne?

A'a, kuma wannan ce maganar da ta fi jawo faɗa tsakaninmu da masu gida. Sila ruwa ce da ake shafawa ta shige ƙofofin dutsen ta hana mai da rini saurin kutsawa. Lokaci take saya miki, Hajiya: manjan da zai shiga cikin ɗan ƙanƙanin lokaci sai ya jira har ki gama miya ki goge. Amma tana cikin dutsen ne, fuskar tana nan a buɗe, saboda haka tsami yana ci kamar ba a shafa komai ba. Duk wanda ya ce miki silarsa tana hana lemon tsami, ki ce ya gwada a gabanki.

Kuma tana ƙarewa. A kicin da ake girki kullum, ina ba da shawarar a sake duk wata 6 zuwa shekara. Gwajin ba wuya: ki ɗiga ruwa ki bar shi minti 10 zuwa 15, ki goge. In wurin ya yi duhu, ruwa ya shiga, lokaci ya yi. Shafawar ma za ki iya da kanki. A wanke, a bari ya bushe sarai, a shafa, a jira gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, sannan a goge ragowar kafin ta bushe ta yi danƙo.

Zan iya yanka albasa kai tsaye a kai?

Za ki iya, amma kowane sara zai bar layi. Katakon yanka dole ne. Jan tukunya da kula da gindin tangaran shi ma yana karce. Akwai kuma wani ɓarawon da ba a lura da shi: ƙurar hunturu. A cikinta akwai ƙwayoyin yashi da suka fi marmara tauri nesa ba kusa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in aka goge kanta da busasshen tsumma kullum, tamkar ana bi da takardar goge katako ne a hankali, sheƙin yana raguwa ba a san dalili ba. A jiƙa tsumman.

Tukunya mai zafi fa?

Marmara ba ta ƙonewa, ba ta narkewa, a nan ta fi kwaz da katako. Sai dai zafi a wuri guda yana iya buɗe jijiya mai rauni, ko ya canza launin sila da gam ɗin da aka cike ramuka da shi tun a masana'anta. Gindin tukunya kuma ba ya rasa baƙi da maiƙo. Ajiye ɗan katako ko faifai kusa da murhu bai kai kuɗin goro ba.

Muna daka a ƙaramin turmi, kuma da Layya ana sarar nama a kicin. Za ta jure?

Ba za ta jure ba. Giranit ma ban yarda a sara ƙashi a kansa ba, balle ita. Kowace shekara, mako guda bayan Babbar Sallah, wayata ba ta hutawa: samari sun ɗora ƙafar bijimi a gefen kanta sun sa adda, baki ya ɓalle, ko tsaga ta tashi daga kusurwar wurin wanke-wanke ta nufi bango. Gaban sinki da gaban murhu su ne mafi rauni, domin bayan an huda ramin ɗan siririn dutse ne ya rage. Nan ne kuma yara ke ɗarewa, nan mai gyaran wuta ke takawa ya canza ƙwan fitila. Turmi a ƙasa, sara a tsakar gida.

Mai sheƙi zan ɗauka ko marar sheƙi?

A kicin, marar sheƙi. Dalili kuwa, tabon tsami dusashewa ne, to a fuskar da dama ba ta ƙyalli ba ya fitowa sosai, kuma gyaransa ya fi sauƙi. Mai sheƙi ta fi kyau a hoto, ta fi jinkirin shan mai, amma kowane ɗigo sai ta nuna wa baƙo. Marar sheƙi tana buƙatar sila a kai a kai.

Wasu suna gudu zuwa baƙar marmara, irin Nero Marquina ta Sifaniya, don ta ɓoye manja. Tana ɓoyewa, amma tabon tsami a kanta fari yake fitowa fat, ana hango shi daga ƙofa. In duhu kike so, baƙin giranit ya fi miki.

Da me za a riƙa wankewa?

Ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa, tsumma mai laushi, sannan a tsane da busasshe. Shi ke nan. Ban da khal, ban da lemon tsami, duk da dabarun tsafta da ake yaɗawa a waya. Ban da soson ƙarfe da toka da hodar goge tukunya. Ban da maganin wanke masai, domin galibinsu asid ne. Bilic ba ya ci irin na tsami, amma yawan amfani da shi yana kashe sila ya dusashe fuska.

Babban haɗarin ma kafin a tare yake zuwa. A wani gida a Lokogoma mun gama shimfiɗa ranar Alhamis, mai gida ya zo ya sa albarka, ya biya. Ranar Asabar aka kawo masu wankin sabon gini, da jarkokinsu na asid ɗin da ake cire busasshen siminti daga tayil. Suka wanke ƙasa, suka ga kanta da ƙura, suka bi ta da tsumman da ke hannunsu. Da na zo ranar Litinin na shafa, sai na ji kamar bangon da ba a yi wa fenti ba, ga sawun tsumman nan baka-baka daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kwana biyu muka yi muna gogewa da ruwa, kuma an sha doguwar muhawara a kan wanda zai biya. Tun daga ranar, in na gama sai na rufe da kwali da leda, na rubuta a kai da manyan baƙaƙe, na kuma nemi shugaban masu wankin na gaya masa baki da baki.

A gidan da akwai mai aiki, a zaunar da ita a nuna mata. Yarinyar da ta saba da tayil ba laifinta ba ne in ta ɗauko abin da ta sani.

Tabo ya riga ya kama. Akwai dabara?

In mai ne, a kwaɓa bekin soda da ruwa ya yi kauri kamar ƙullin ƙosai, a lafta a kan tabon kaurin rabin santimita, a rufe da leda a manne gefuna, a bar shi awa 24 zuwa 48. Sai a cire ledar a bari ya bushe da kansa, domin a lokacin bushewar ne yake janyo man. A kankare da cokalin roba. Tsohon tabo yakan nemi a maimaita sau biyu ko uku. In zoɓo ne ko shayi a kan farar marmara, a kwaɓa da ruwan haidurojin na kemis, wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa. Kada a sa shi a mai duhu, yana iya koɗar da launi. Tsatsa a bar wa masu sana'a, domin yawancin magungunan cire ta asid ne, garin neman gira a rasa ido.

Tabon da ya ci, in ƙarami ne, akwai hodar goge marmara da ke dawo da sheƙi. In ya yi zurfi, sai inji mai faifan daimon da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi.

Kusa da famfo ta fara yin rawaya. Me ya jawo?

Wasu fararen marmara suna da ƙarfe a jikinsu, in danshi ya daɗe sai ya yi tsatsa daga ciki. A duba ko famfo yana yoyo, ko gam ɗin bakin sinki ya buɗe ruwa yana bi ta ƙasa. Ruwan burtsatse mai ƙarfe shi ma yana barin irin wannan launi in ana barinsa ya bushe a kai.

Muna da marmara a Nijeriya, ko duk daga waje take?

Muna da ita, har kusa da mu. Akwai a Jakura da Obajana a Jihar Kogi, da Igbeti a Oyo, da Okpella da Igarra a Edo, da yankin Toto a Nasarawa, da Kwakuti a Neja. Amma yawancinta siminti take tafiya, ko a niƙa ta a sa a fenti, ko a farfasa a yi tsakuwar tarazo. Fitar da ƙaton dunƙule lafiyayye, a yanka shi falle-falle, a goge, aiki ne mai son manyan injuna da wuta tsayayya. Shi ya sa fallayen da kuke gani a jingine a kasuwa galibi ta jirgin ruwa suka zo: daga Italiya, Sifaniya, Turkiyya, Masar, Indiya da Sin.

Sunayen marmarar Italiya irin Karara da Kalakata suna yawo a baki fiye da yadda dutsen ke yawo a kasuwa. Akwai kwaz da tayil da yawa da aka laƙaba wa waɗannan sunaye saboda zane kawai. Lemon tsamin nan ne alƙali.

Nawa zan tanada?

Farashin dala yake bi, kuma tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 abin da aka faɗa maka yau ba lallai ya kai mako ba. Abin da ya fi muhimmanci, ranka ya daɗe, ka san abin da kake biya. Wani da murabba'in mita yake lissafi, wani da tsawon mita a faɗin santimita 60, don haka lambobin mutum biyu ba sa kwatantuwa sai ka tambaya. Sa a rubuta maka komai daban: dutse, yanka, gyaran baki, huda sinki, huda murhu, ɗan abin da ke hawa bango, mota, ɗauka zuwa bene, shimfiɗawa, sila. In an caje ka kuɗin cikakken falle, ragowar taka ce, kada ka bari a tafi da ita. Kuma ka sa kuɗin sila da gogewa na shekaru masu zuwa a lissafi, domin giranit ba ya cin wannan sosai.

Wane kauri, kuma kabad ɗina zai ɗauka?

Santimita 2 da santimita 3 ne aka fi samu. Mai 2 yana da nauyin kusan kilo 54 a kowane murabba'in mita, mai 3 kusan 81. Kanta mai tsawon mita 3 da faɗin santimita 60 ke nan ta kusa buhun siminti biyu, ko uku in mai kaurin ce. Kabad na katakon MDF, wato na garin katako da aka matse, yana ɗauka muddin a bushe yake, amma ranar da ruwa ya shiga ƙarƙashin sinki ya kumbura ya zauna, dutsen ba ya lanƙwasa ya bi shi, tsagewa yake. Shi ya sa na fi son ginin bulo da dakalin siminti a ƙasa, ko katako mai jure ruwa da ƙafafun da suka ɗaga shi daga ƙasa. Mai santimita 2 lallai a shimfiɗa masa falanki a ƙarƙashi.

Ranar aiki ka tsaya da kanka. A ɗauko falle a tsaye kamar gilashi, ba a kwance ba. A sa ma'aunin ruwa a kan kabad kafin a ɗora. Kusurwoyin ramin sinki a zagaye su, kada a yi su tsini, daga tsini tsaga ke farawa. Mahaɗa kuma kada ta faɗo daidai tsakiyar sinki, a kuma jera fallayen a ƙasa tukuna ka ga yadda jijiyoyin za su haɗu.

Me za ka ce game da kwaz mai kama da marmara?

Niƙaƙƙen dutse ne, kusan kashi 90 cikin 100, aka haɗa da gam aka matse a masana'anta. Tsamin kicin ba ya cinsa, manja ba ya shigarsa da sauƙi, ba ya son sila. Ga mai son fari kuma tana girki da gaske, shi ne mafi kusa da hoton wayar nan. Rauninsa zafi: gam ɗin yana ƙonewa, tukunyar da aka sauke daga wuta tana iya barin zoben da ba ya gyaruwa. Rana ma tana sa farinsa ya yi rawaya, don haka bai dace da kicin ɗin waje ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu masu yanka. Ƙurarsa tana lalata huhu, har Ostareliya ta haramta shi daga 1 ga Yulin 2024 saboda ma'aikatan da suka kamu. Mai girki a kai ba ta cikin haɗari, mai yankawa ne. In za a yi miki aikin, ki hana a yanka shi a bushe a cikin gida. A yanka da ruwa, a waje, masu yankan kuma su rufe hanci da abin kirki.

Gidan haya nake ginawa. In sa?

Kada ka sa, Alhaji. Giranit mai duhu.

Kai me ka sa a gidanka?

Na san za a zo nan. Gefen murhu da wurin wanke-wanke baƙin giranit ne, nan ake markaɗe da suya da wankin kifi, ba wanda nake yi wa tsawa. A ɗaya bangon, ƙarƙashin taga, na sa wata farar marmara marar sheƙi da ta rage daga aikin wani gida, tsawonta bai kai mita ɗaya da rabi ba. Nan uwargida ke murza cincin ɗin Sallah, nan ake jera kofunan shayi. Masu kicin biyu, na ciki da na baya, haka nake ce musu su raba: marmara inda ake karɓar baƙi, giranit inda ake tuƙa tuwo.

Duk da haka tamu ba ta tsira ba. Akwai zoben kofin zoɓo a kusurwar hagu, aikin autarmu ne a azumin bara, da wasu ɗige-ɗige da ba wanda ya amsa laifinsu. Sau biyu ina ɗauko injin gogewa daga mota, uwargida tana cewa in bari sai bayan biki, kada in cika mata kicin da ruwa. Yanzu tulun zuma take ajiyewa a kan zoben.